Na je Landan ganin jika, na ɓige da ƙirga fallen net

Ranar da na fara jin sunan rigar nan saura kaɗan shayi ya sarƙe ni. Watan Fabrairu ne na 2023, ina Landan wajen 'yar ƙanena da ta haihu, na je mata zaman jego tunda ciwon ƙafa ya hana mahaifiyarta tafiya. Muna cikin karyawa ta ce, "Gwaggo, tsohuwar nan da ke hawan ƙasa ma fa tela ce irinki. Tutu take ɗinkawa." Na ajiye kofi na ce ta maimaita. Ta maimaita. Na ce, "Ke 'yar nan, sanyin garin nan ya taɓa miki kai ne? Mu a Kano in an ce tutu, buta da sabulu ake nema, ba allura da zare ba."

Sai da ta gama dariyarta har jaririn ya farka sannan ta yi mini bayani. Ashe sunan siket ɗin nan ne na 'yan rawar bale, wata rawar Turawa da ake yi a dandamali, wanda yake tsayawa a ƙugu a baje kamar faifai. Daga baya na ji cewa ko a Faransanci, inda kalmar ta fito, masana da yawa na danganta ta da yadda yara ke kiran mazaunai. To ka ga ba mu yi nisa da juna ba.

Shekarata ashirin da shida ina ɗinki, kuma rabin abincina daga rigunan amare yake fitowa. Net kuwa bandir-bandir nake ɗauko shi a Kwari. Rawar mace da cinya a waje ba tarbiyyarmu ba ce, ban kuma je Ingila don ita ba. Amma tela in ya ji an ce akwai siket ɗin da yake tsayuwa da kansa ba ya faɗuwa, barci ba zai ɗauke shi ba sai ya juya cikinsa ya ga ɗinkin. Washegari da hantsi na zuba ɗan wake a kwano na sauka ƙasa.

Matar ta doshi tamanin, siririya, tabarau rataye a wuya. Ta yi shekaru tana yi wa gidajen wasa aiki, yanzu kuma 'yan makarantun rawa take yi wa ɗaya-ɗaya a falonta. Kafin mu gaisa sosai ta kama hannuna ta juya, ta duba kan yatsuna, ta nuna mini nata. Duk mun sha sukar allura, sai dai nata sun fi nawa kaushi, don net ɗin da take aiki da shi tauri gare shi kamar ragar taga, yana yankan fata.

Ta ɗauko wani fari ta kifa shi a kan tebur. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne tushen ginin duka ɗan kamfai ne. A jikinsa ake jera fallen net, layi bisa layi, kowanne an yi masa tattara mai yawa. Na ƙirga da yatsa: goma sha biyu. Na ƙasan can gajere ne, bai kai tsawon ɗan yatsa ba, na bisansa ya ɗan fi shi, haka-haka har na saman da ya fi kowa faɗi. Wato ƙananan ne ke tallafe da manyan, kamar yadda ake tokare rumfa. A wani falle na tsakiya an yi ɗan gida an zura waya a zagaye. Sannan a bi da allurar hannu a ɗaure fallen da juna, sako-sako: in ka ja zaren da ƙarfi siket ya mutu ya zama katako, in ka sake shi da yawa ya riƙa lilo bayan mai rawar ta tsaya. Ta ce wannan ɗaurin shi ne sana'ar, sauran kowa ma zai iya koya. Tsakanin siket da jikin rigar akwai wani faffaɗan ɗamara da ke zama daram a kan ƙugu, shi ke ɗaukar nauyin. Jikin rigar kuma ƙyalle-ƙyalle ne aka yanka aka haɗa, da 'yan sanduna sirara a ciki.

A baya na ga layin ƙugiya har uku. Ta ce riga ɗaya mutum da yawa ke sa ta, shekara da shekaru, kowace da layinta, kuma a manyan gidajen wasa za ka tarar da sunayensu a rubuce a cikin shafin, na wannan bisa na waccan. Ba a rataye ta a daidai, sai a kife, ko a kwantar da ita, don kada fallen su sunkuya. Ba a kuma tsoma ta a ruwa yadda aka ga dama. Na ce to warin gumi fa? Ta ɗauko wata kwalbar feshi ta ce barasa ce fara, ita ake fesawa. Na ce a'uzubillahi, na ɗan ja kujerata baya, ta yi ta dariya.

Ni na ɗauko maganar yaƙi ba da niyya ba. A lokacin gida ana fama da ƙarancin takardun naira, yaran shagona kullum sai sun bugo waya cewa masu kaya sun ƙi zuwa karɓa, ga kuɗi a banki amma babu na hannu. Ina ba ta labari sai ta miƙe ta ɗauko gwangwanin biskit, irin dai wanda iyayenmu ke tara maɓallai a ciki, ta zaro wani ɗan littafi da ya sha jiki. Na mahaifiyarta ne, na rabon tufafi a lokacin yaƙin duniya na biyu.

Ranar 1 ga Yuni 1941 gwamnatin Birtaniya ta sa tufafi a ma'auni. Kowane baligi tikiti 66 a shekara, kuma ko kana da kuɗi buhu-buhu, in babu tikiti babu riga. Doguwar rigar ulu ta mace tikiti 11, wadda ba ta ulu ba 7, takalmi 5, safa 2. In yadi za ka saya, na auduga mai faɗin inci 36 tikiti 2 ne kowane yadi, na ulu 3. Na yi lissafi a raina: turmin atamfa ɗaya mai yadi shida ya cinye goma sha biyu ko fiye, ke nan lefen amarya ɗaya tamu sai ya haɗiye rabon unguwa guda. Da tafiya ta yi nisa aka rage zuwa 48. A 1942 kuma doka ta shigo har cikin shagon tela, ta ƙayyade yawan aljihu da maɓalli da tattara, ta hana naɗe ƙafar wandon maza. Abin da aka bari babu tikiti ya haɗa da hula, zare, ribon siriri, baƙin yadin da ake toshe taga da shi don kada jiragen Jamus su ga haske, da kayan gwanjo. Sai a watan Maris 1949 aka janye rabon, shekara kusan huɗu bayan an daina harbi.

Net ɗin leshi ma ba ya cikin abin tikiti, amma samunsa shi ne aiki, don injinan Nottingham da ke saƙa shi an juya da yawansu sun koma saƙa gidan sauro da ragar ɓoye motocin soja. Siliki kuwa ya tafi laimar sauka daga jirgi. Ta ce a zamanin ba da irin wannan net ɗin na roba ake tutu ba, da wani yadin auduga ne shara-shara da ake cika wa sitaci, sunansa talatan. Gumi da zafin fitila na taɓa shi sai ya yi laushi ya langaɓe. Ka ɗauka kana da kamfanin rawa da ke yawo gari-gari a jirgin ƙasa, ga kaya masu saurin mutuwa, ga babu inda za ka sayo sabo. Faci da juyi da rini, su ne suka riƙe sana'ar.

Bayan kwana biyu mai jegon ta samu barci, mijinta ya sa ni a jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa South Kensington, gidan kayan tarihi na Victoria and Albert, inda shiga kyauta ne. Tun kafin in shiga na tsaya a bangon da ke kallon titin Exhibition Road. Dutsen duk ramuka ne, wasu kamar an kwarfe da cokali, wasu hannu zai shige. Tabon bama-baman Jamus ne, kuma da gangan aka ƙi cike shi, har an sassaƙa rubutu a gefe ana faɗin haka. Na sa yatsa a ɗaya. Sanyi ƙalau.

A ciki na bi tarihin rigar da sauri, don abin da na zo nema daban ne. A 1832 a Faris wata mai suna Marie Taglioni ta fito a wasan La Sylphide da farin siket shara-shara da ya sauko har ƙwauri, daga nan aka ɗauka. Sannu a hankali yana guntulewa, don 'yan kallo su ga aikin ƙafa, har zuwa ƙarshen ƙarnin a Rasha ya zama faifan nan. Labari ɗaya ne ya tsaya mini a wuya. A wancan zamani fitilun iskar gas ne a bakin dandamali, harshen wuta a fili. A watan Nuwamba 1862 wata yarinya, Emma Livry, tana gwajin wasa a Faris siket ɗinta ya taɓa fitila. Akwai maganin da ake jiƙa yadi da shi don kada ya kama wuta, doka ma ta ce a yi, amma yana sa yadin ya yi tauri ya dushe, ita kuwa ta ƙi, har ta sa hannu a takarda cewa ta ɗauki alhakin kanta. Ta yi wata takwas tana jinya ta rasu a Yulin 1863, tana da shekara 20. Na tuna amaren da ke zuwa mini da bindin net yadi biyar, a zauna da su kusa da kaskon turaren wuta. Tun da na dawo ba na barin amarya ta fita shagona ban ja mata kunne ba.

Yaƙin duniya na farko ma ya bar nasa abin mamakin: a watan Mayu 1917, ana tsakiyar kashe-kashe, 'yan rawar Rasha da ke Faris suka fito da wasan Parade, inda mai zane Picasso ya sa wa wasu 'yan wasan gine-ginen kwali da suka fi tsayin mutum nesa. Wannan ni ban ɗauke shi ɗinki ba, aikin kafinta ne.

Inda labarin ya kama ni sosai wani titi ne, St Martin's Lane, da ke tashi daga dandalin Trafalgar. Tsohuwar ce ta raka ni, tana dogara sanda, ana yayyafi. Ta nuna mini shagon Freed, masu yin takalman rawar nan na tsayuwa a kan yatsa tun 1929. Gaba kaɗan ga gidan wasan da yanzu ake kira Noël Coward, a da kuma New Theatre. Nan ne kamfanin rawa na Sadler's Wells, wanda daga baya ya zama Royal Ballet, ya mayar gidansa a Landan lokacin yaƙi, don nasu gidan an mayar da shi matsugunin waɗanda bam ya rushe wa muhalli. Muka fake a ƙofar, ta ba ni labarin Holan.

A farkon watan Mayu 1940 aka tura kamfanin Holan don a nuna wa duniya Birtaniya ba ta razana ba. Shugabarsu Ninette de Valois ce, tauraruwarsu Margot Fonteyn, lokacin ba ta cika 21 ba. Ranar 9 ga wata suka yi wasa a Arnhem, kusa da iyakar Jamus, har wata yarinya 'yar shekara 11 ta miƙa wa shugabar furanni, yarinyar da duniya ta zo ta sani da Audrey Hepburn. Cikin dare suka koma birnin Hague. Gari na wayewa, ranar 10, Jamus ta afka wa ƙasar. Daga saman otal ɗinsu suna kallon sojoji na saukowa da laima. Da ƙyar aka fitar da su a motocin bas zuwa tashar ruwa ta IJmuiden, aka cusa su a cikin cikin jirgin dakon kaya zuwa Harwich a Ingila. Rai ya tsira, amma kayan sawa da labulen ado da takardun kiɗa na wasanni shida duk an bar su a can.

Wanda ba tela ba zai ce ai kaya ne, a ɗinka wasu. An ɗinka wasu ɗin, a hankali, da abin da aka samu. Wasan The Rake's Progress an sake yi masa kaya a 1942, kuma mai zanensa, Rex Whistler, yana soja a lokacin. A Yulin 1944 aka kashe shi a Normandy. Wasan Checkmate sai a 1947 ya dawo. Ɗaya kuwa, Horoscope, na Frederick Ashton, bai sake hawa dandamali ba har yau. Rawa ba littafi ba ce da za a ajiye a kanta. Tana cikin jikin masu yinta da kayan da aka yanka mata, in aka raba su aka daɗe sai ta bi iska. Mazan kamfanin ma ɗaya bayan ɗaya aka kwashe su soja, har da Ashton ɗin. Waɗanda suka rage suka ci gaba da zagaya ƙasa, wani lokaci babu makaɗa sai piyano biyu. In jiniya ta yi kuka a sanar da 'yan kallo, mai son fita ya fita, rawa ba ta tsayawa.

Da ta ambaci laima sai kakana ya faɗo mini a rai, Allah Ya ji ƙansa. Yana cikin waɗanda aka kwasa yaƙin Boma. Muna yara yakan ce a dajin can abincinsu daga sama yake saukowa, mu kuwa mu ɗauka tatsuniya ce. Gaskiya ya faɗa: runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, da ta yi yaƙi a kwarin Kaladan a 1944, ta jirgin sama ake jefa mata abinci da harsashi. Da laimar kirki ta yi ƙaranci a can, har ta algarara aka riƙa ɗinkawa a Indiya. Ban taɓa kawowa a raina cewa gidan sauron da ya kwana a ciki da siket ɗin wata yarinya a Landan za su iya fitowa daga bakin inji iri ɗaya ba. Na gaya wa tsohuwar. Ta yi shiru, sannan ta ce ita a makaranta ba a taɓa gaya musu akwai 'yan Najeriya a Boma ba.

A ƙasan titin akwai wani babban gidan wasa mai ƙwallon duniya a kansa, Coliseum. Ta ce 'yan watanni kafin zuwana, a Satumbar 2022, 'yan rawar Yukiren da suka gudo daga yaƙi sun yi wasan Giselle a nan. Sun baro nasu kayan a gida, sai kamfanin rawa na Birmingham ne ya ba su aro. Na tambaye ta ina suka taru suka kafa ƙungiyar. Ta ce a Hague.

Saura kwana uku in taho surukin namu ya kawo tikiti biyu na Royal Opera House a Covent Garden. Na so in ƙi. Mai jegon ta ce, "Haba Gwaggo, kin ƙirga fallen a tebur, ba za ki je ki ga yadda yake a jiki ba?" Na yi Magariba da Isha, don a watan nan rana da wuri take faɗuwa, na naɗe cikin mayafi biyu da rigar sanyi, muka tafi ni da tsohuwar. Kujerunmu can ƙololuwa ne, inda kuɗin ya fi sauƙi, in ka leƙa ƙasa sai jiri ya ɗebe ka.

Wasan Sleeping Beauty ne, labarin gimbiyar da aka yi wa baki ta yi barcin shekara ɗari, kuma ba a banza tsohuwar ta zaɓe shi ba. Lokacin yaƙi wannan gidan ba a wasa a cikinsa. An shimfiɗa katako bisa kujerun an mayar da shi gidan rawar sojoji da 'yan matansu, a hannun wani kamfani da, don neman magana, sunansa Mecca, wato Makka. Ranar 20 ga Fabrairu 1946 aka sake buɗe shi, da wannan wasan, Fonteyn ce gimbiya. Sarki George na shida ya zo da iyalinsa, har da 'yarsa Elizabeth. Waɗanda suka halarta sun daɗe suna ba da labarin warin kafur, don kowa daga ƙasan akwati ya tono kayan fitarsa na kafin yaƙi.

Ga inda abin yake: a daidai watannin da ake ɗinka kayan wasan nan rabon tufafi ya fi tsanani. Daga Satumba 1945 zuwa Afrilu 1946 tikiti 24 kacal aka ba kowa. A cikin wannan hali aka ce a fito da fadar sarki guda, da fadawa da kuyangi da aljanu da 'ya'yan sarakuna huɗu masu neman aure. Wanda aka ɗora wa aikin sunansa Oliver Messel. Shi kuwa aikin da ya yi a soja shi ne ɓad-da-kama: a yankin Norwich yake, yana mayar da ramukan bindiga na siminti su zama kamar tarin ciyawa ko kango ko rumfar shan shayi. Tun kafin yaƙi ma an san shi da haɗa ado daga abin da wani zai zubar: tsumman wanke-wanke, ledar alewa mai ƙyalli, 'yar wayar goge lofe. Mu muna cewa ba girin-girin ba, ta yi mai. A dandamali girin-girin ɗin shi ne man. Mutumin ya san abin da fitila ke yi wa yadi, ya san idon da ke nesa ba ya tambayar kuɗin yadi, haske da inuwa kawai yake karɓa.

A 2006 kamfanin Royal Ballet ya dawo da fasalin nan na Messel, shi muka kalla. Da labule ya buɗe na manta da sanyi. Launukan ba masu ihu ba ne, sun yi kama da zanen da aka yi da ruwa, shuɗi-shuɗi da ruwan hoda da ruwan zuma. Da farko in 'yan matan suka ɗaga ƙafa sai in sunkuyar da kai, daga baya ido ya koma kan aikinsa. Daga sama inda muke, tutu da'ira ce cikakkiya, kuma nan na gane dalilin da ya sa ake zuba ado a fallen sama: mu 'yan kujerar araha mu muke ganinsa, masu tsada na ƙasa gefensa kawai suke samu. Akwai wurin da gimbiya ke tsayawa a kan yatsun ƙafa ɗaya, masu neman aurenta huɗu suna karɓar hannunta ɗaya bayan ɗaya, tana saki tana tsayawa ita kaɗai. Jama'a numfashinsu ya ɗauke don ita. Ni bakin siket ɗin nake kallo. Ƙafarta na ɗan rawa, amma faifan ko gezau, yana karkarwa kaɗan kamar fiffiken mazari ya koma ya tsaya. Na taɓo tsohuwar na ce, "Ɗaurin hannun nan ne." Ta gyaɗa kai ba ta dube ni ba.

Ta miƙo mini ɗan madubin hangen nesa. Na duba sau ɗaya na mayar mata. Da shi sai ka ga layin ƙugiya a baya, ka ga gumi ya jiƙa hammata, ka ga dutsen da ka rantse lu'ulu'u ne ashe irin wanda nake saye a leda ne. Na riga na ga wannan a teburinta.

A hanyar komawa cikin bas ta ƙarasa mini. Wata biyu bayan wancan buɗewar, a Afrilun 1946, Ashton da ya dawo daga soja ya fito da wasan Symphonic Variations: mutum shida kawai, cikin 'yan fararen kaya marasa tarkace da Sophie Fedorovitch ta zana. Na ga hotonsa a wayarta. A matsayina na tela wannan ya fi ba ni tsoro, don inda babu ado babu inda kuskuren almakashi zai ɓuya. Sannan nailan, wanda Amurka ta kwashe gaba ɗaya zuwa laima da igiya lokacin yaƙi, ya dawo kasuwa, net ɗinsa ya kori talatan, ba ruwansa da sitaci. A New York kuma wata Barbara Karinska, haifaffiyar birnin Kharkiv da ke Yukiren a yau, wadda ta gudo daga Rasha a 1924 ta kuma bar Turai a 1939, ta cire wayar tsakiya a 1950 ta rage fallen ta yi wani gajeren tutu mai laushi, don 'yan rawa su daina karo da faifan juna in sun jeru. Tsohuwar ba ta son wannan. Ta ce kamar soson hoda yake. Na ce ni kuwa shi zan fi iya sayarwa.

Ranar da zan taho na sauka yi mata sallama da ragowar wata shadda ruwan goro, wajen yadi ɗaya da rabi. Ta murza ta a yatsa, ta kai hanci, ta ɗaga ta saitin taga tana karkata ta don ta ga yadda take ɗaukar haske. Ta ce za ta yi fallen sama da ita. Ni kuma ta ba ni fatun ɗamarar ƙugun nan, yankakke a takardar siminti, da awon kowane falle rubuce da fensir.

Bayan Ƙaramar Salla aka kawo mini ɗinkin wata amarya mai son riga ta buɗe sosai daga ƙugu, amma ta ce ba ta son ƙarfen nan na ciki da ke hana mutum zama a mota. Na ɗauko takardar. Falle tara na yi mata a ƙarƙashi, dogaye har ƙasa, kowanne ya ɗara na ƙasansa, na kwana biyu ina ɗaurin hannu. Yaran shago suka taru suna kallo, ɗaya ta ce, "Hajiya, wannan salon meye sunansa?" Na buɗe baki, na dubi uwar amaryar da ke zaune tana jira da carbi a hannu, na ce mata sunansa faifai.